Kalli, shinge ko gura: wanne za ka saya idan akwai ayu a ruwan?

Mai kamun kifi a kogin Galma ko dam ɗin Shika da ke Zariya ba shi da wannan damuwa. Amma wanda zai haɗa kaya a kasuwar Sabon Gari ya tafi cin rani Yawuri, Lokoja, Ibi ko bakin teku, gara ya yi tunanin ayu tun kafin ya biya kuɗin raga. Ayu ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, yana leƙo hanci sama bayan 'yan mintuna, ko yana hutawa da wuya ya wuce minti 20 a ƙasa. Duk kayan da zai danne shi a cikin ruwa ya kashe shi. Haka abin yake ga dolfin, wata dabbar teku mai numfashi da huhu, a gaɓar teku. Dokar Najeriya ta 1985 ta hana kama ayu, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES, ta cinikin namun daji masu fuskantar ƙarewa, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Kalli, wato ragar da kifi ke maƙalewa a idonta, shi ne mafi haɗari. Ana kafa shi a tsaye, dalma a ƙasa, robobi a sama, a bar shi ya kwana. Zaren roba siriri ba ya ganuwa a ruwa mai laka. Ayu ya taɓa shi sai ya yi birgima don ya kuɓuta, ragar ta ƙara nannaɗe masa hannuwa da wutsiya. Babba mai kilo 300 zuwa sama yakan yaga ta ya wuce, asarar taka ce. Ɗan ƙarami ba ya iyawa, nan zai nutse. Mafi muni shi ne kalli mai faɗin ido da kaurin zare, irin na giwan ruwa, domin ba ya tsinkewa. Idan dole ne, sayi gajere, kada ka yi masa nauyin dalma har ya kasa tasowa, kada ka gitta shi a bakin rafi ko gefen ciyawar burgu inda ayu ke kiwo da dare, kuma ka tsaya kusa da shi.

Shinge na sanduna da raga ko asabari ya fi cin aiki, amma samansa a buɗe yake, dabbar da ta faɗa ciki tana ci gaba da numfashi. An ga haka a mashigin Fundy na Kanada, inda ƙananan dangin dolfin ke shiga shingen masu kama sadin: yawanci da rai ake tarar da su, kuma tun 1991 masunta da masu bincike ke sakin su tare. Haɗarin yana zuwa ne wajen kwashe kifi, in aka ja raga da dabbar a ciki. Saboda haka nemi shinge mai ƙofa, wato gefe guda da za a kwance a sauke cikin sauri. Idon ragar jikinsa ya zama ƙarami, a ɗaure ta tam. Mai sako-sako ta koma kalli ke nan.

Ragar tare bakin rafi ta masu gaɓar teku tana da nata aibin. Ana ɗaga ta ne ruwa na cike, a jira ya janye, abin da ke ɗaukar kusan awa 6. Ayun da ya shigo cin ganye sai ya maƙale a taɓo, rana ta gasa shi. Kada a ɗaga ta sai an zagaya rafin, an duba hanci mai leƙowa ko sabon tsinken ciyawa yana yawo.

Gura kuwa, wato tarkon kifi mai kama da kwando, bakinta ya yi wa ayu kaɗan, ba ruwansa da ita. Matsala sai an jera ta dumba daga gaɓa zuwa gaɓa, a toshe hanyar da yake bi zuwa fadama lokacin ambaliya. Bar masa tazara a wuri mafi zurfi. Birgi, wato ragar jifa, ma babu laifi, tunda a hannunka yake.

A ganinmu mai ƙaramin jari ya haɗa gura da birgi. Mai mutane da zai zauna wuri guda ya kafa shinge mai ƙofa, ya riƙa duba shi safe da yamma. Ko wanne ka ɗauka, ƙara da wuƙa mai lanƙwasa a kwalekwale: ana fara yanke zaren da ke danne kai, a bar wutsiya daga ƙarshe, don bugunta na iya kifar da jirgi.