Takalmin da za ka saya kafin ka bi ayarin masu hawan dutse

In kuka fita yawon ƙafa a ƙungiya, kuna kutsawa kwazazzabai da bayan duwatsu inda mota ba ta zuwa, ƙafar mutum ɗaya in ta samu matsala kowa sai ya tsaya. Shi ya sa nake cewa kafin jaka, kafin sanda, a fara da takalmi.

Kambas na yawon gari ka bar shi a gida, santsi gare shi a kan jiƙaƙƙen dutse. Sandal kuwa na tsallaka rafi ne kawai. Takalmin gudu na daji ba laifi, ba nauyi kuma yana saurin bushewa, amma idon sawu a buɗe yake.

Ni dai nawa shi ne mai wuya, wanda ya rufe idon sawu. Wuraren da ba a cika zuwa ba, ba su da shararriyar hanya: tsakuwa ce mai zamewa, ƙaya, da ciyawar da ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinta. Wuyan nan yana tare ƙaya da tsakuwa, yana kuma riƙe ƙafa in ka taka gefen dutse da kaya a baya. Duba tafinsa, haƙoran su yi zurfi, kamar milimita 4 zuwa 5. Tafin kamfanin Vibram ya yi suna, kuma yana da tarihi: a 1935 abokan Vitale Bramani, wanda ya kafa kamfanin, su shida suka mutu a tsaunukan Alps na Italiya, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalmansu, shi ne Bramani ya fito da tafin roba mai haƙora a 1937. Takalmi mai shimfiɗar Gore-Tex, wani siririn yadi da ake sawa a cikinsa, yana hana ruwa shiga, sai dai ya fi zafi.

Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita. A samu faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai ji jiki a gangara.

Sai maganar jabu, wadda har yau take min ciwo. Na taɓa sayen wani a intanet, hoto tsaf, tambari tsaf. Fita ta biyu, muna tsakiyar gangara, tafin hagu ya ɓare tun daga yatsu har tsakiya. Wata 'yar ayarinmu ta ciro igiya muka ɗaure shi, mutum tara suka koma tafiyar hawainiya saboda ni, ba mu kai kogon da muka fito nema ba.

Tun daga ranar, sai na riƙe takalmi a hannu. Ina lanƙwasa shi: ya lanƙwashe wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Ina murɗa shi kamar mai matse wanki, na ƙwarai ba ya yarda. Ina bin bakin tafin da farce ko gam ya tsartso, ina duba ɗinki, ina kuma gwada lambar da ke cikin harshen takalmin da ta jikin kwali. Warin gam mai hawa kai ma alama ce. Arha ta wuce misali kuwa, ajiye musu kayansu.

Ko na ainihi ne, in ya daɗe a ajiye ka yi hattara. Akwai roba mai suna poliyuritan da ake sa wa a tsakiyar tafi, danshi na cinye ta a hankali har ta riƙa marmashewa. Danna ta da yatsa, ka kuma tambayi shekarar da aka yi shi.