Daga Jamus: yadda suke riƙe wuta ba ta faɗuwa

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan ba a ɗauke wuta. Ana ɗaukewa, sai dai idan aka raba a kan kowane gida, ba ta kai kwatan awa ba a shekara guda. Tun zuwana ban ji ƙarar janareta ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne fiye da rabin wutarsu daga iska da rana da makamantansu take zuwa, kuma a watan Afrilun 2023 suka rufe tashoshin nukiliya uku da suka rage. To da hunturu fa, lokacin da ake kwanaki babu rana babu iska? Har suna suka ba abin, wai Dunkelflaute. Sai su tayar da tashoshin gas da kwal, su sayo daga maƙwabta, har ta wayar da ke ƙarƙashin teku daga Norway.

Maƙwabcina injiniya ne, shi ya warware min. Ya ce wahalar ba ta yawan wuta ba ce, ta daidaito ce: abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, ma'aunin bugun wutar ya tsaya a kan hertz 50, wato bugu hamsin a daƙiƙa, irin namu na gida. Manyan injinan da ke juyawa, kamar na Kainji, nauyinsu ne ke tare girgiza kafin a kawo ɗauki. Farantin sola kuwa babu abin da ke juyawa a cikinsa. Shi ya sa suke kafa manyan batura, da wasu injina da ke juyawa ba don samar da wuta ba, don riƙe layin kawai. Ya nuna min a wayarsa, lambar tana rawa tsakanin 49.98 da 50.02.

Kada ka ɗauka sun gama. Iskar tana arewa, masana'antu da yawa suna kudu, layin SuedLink mai kusan kilomita 700 kuma, wanda zai kai wutar daga arewa zuwa kudu, an sha ɗage ranar kammala shi. Ranar 28 ga Afrilun 2025 Sifaniya da Fotugal suka faɗa duhu da rana tsaka, jiragen ƙasa suka tsaya cak. Ranar na ga maƙwabcin nawa ya shigo da kwalin kyandir.