Milimita 28 ko milimita 15: da wanne za a fara rundunar zamanin Napoliyon?

Wani ɗan'uwa daga cikinmu ya ce yana so ya fara tara 'yan sojojin wasa na zamanin Napoliyon, sarkin Faransa, ya yi musu fenti da hannunsa, ya riƙa buga yaƙi da su a kan tebur. Teburinsa ƙafa 6 ne a tsayi, 4 a faɗi, kuma lokacin da yake samu bai wuce awa ɗaya ko biyu da dare ba. Tambayarsa ita ce: masu milimita 28 zai saya ko masu milimita 15? Ɗan'uwa, na yi fentin duka biyun, ga abin da na gani.

Shi wannan awo tsayin ɗan sojan ne, galibi daga tafin ƙafa zuwa ido. Na 28 ya yi kusan kashi ɗaya cikin 56 na mutum, na 15 kuma kusan ɗaya cikin 100. A takarda sai ka ɗauka rabi ne kawai ya raba su. Ka riƙe su a tafin hannu ka gani: na 28 mutum ne mai fuska, da gashin baki, da maɓallan riga da za ka iya ƙirgawa. Na 15 sai ya shiga sahu da 'yan'uwansa yake yin kyau.

Mu fara da tebur, don a nan maganar ta fi nauyi. A dokokin wasan yaƙi na Black Powder, waɗanda kamfanin Warlord Games ya fitar a 2009, bataliya madaidaiciya sojoji wajen 24 ce. Idan ka liƙa na 28 huɗu-huɗu a kan 'yan katako masu faɗin milimita 40, bataliya ɗaya za ta ci santimita 24 a sahu. Teburinka santimita 180 ne da ɗoriya. Ka jera bataliya bakwai, ka toshe shi daga gefe zuwa gefe, babu inda mahaya dawaki za su zagaya, babu gurbin igwa. Sannan sojan ƙasa a waɗannan dokoki yana tafiyar inci 12 a motsi ɗaya, in umarni ya yi kyau ya yi motsi uku a jere, inci 36 ke nan a tebur mai faɗin inci 48. Kafin ka gama tsara dabara an riga an yi gaba da gaba. Waɗanda suka rubuta dokokin a manyan tebura suke wasa, shi ya sa. Da na 15 kuwa, bataliyar nan ba za ta ci fiye da kusan rabin wannan wuri ba, kuma da yawa daga masu wasa da su sukan mai da kowane inci santimita. Nan take teburin ya zama fili: ga gefen dama, ga gefen hagu, ga rundunar da ka ɓoye bayan tudu. Yaƙin zamanin nan ai a kan haka ya ginu. A yaƙin Waterloo, ran 18 ga Yuni 1815, Napoliyon yana da mutum sama da dubu 70, Wellington, kwamandan Birtaniya da ƙawayenta, kuma ƙasa da haka kaɗan, aka wuni ana kai-kawo a kan gonakin Hougoumont da La Haye Sainte. Wanda yake so ya ji ƙamshin irin wannan a tebur mai ƙafa 6, na 15 ne zai ba shi.

Wajen fenti labarin ya juya, kuma a nan zuciyata take karkata ga na 28. Kayan sojojin wancan zamani ado ne tsantsa. Sojan Faransa da shuɗiyar riga mai farin ƙirji da jan zare a gefe, na Birtaniya da jar riga da farin ɗinki a kan kowane maɓalli, mahaya dawakin da ake kira husa da igiyoyi jere a ƙirji. A na 28 duk waɗannan an sassaƙa su, buroshi yana bin su, kana iya zuba duhu a lungun tufa ka ɗaga haske a kafaɗa. Daren da na gama wani mai ganga na Faransa na daɗe ina juya shi a ƙarƙashin fitila, ban taɓa jin haka da na 15 ba. Sai dai ni soja ɗaya yakan ci mini kusan awa guda. Birged mai bataliya huɗu sojoji 96 ne, ban sa kwamanda ba, ban sa igwa ba, ban sa doki ko ɗaya ba. Lissafa da awa ɗayanka ta dare.

Na 15 ba a yi musu fenti ɗai-ɗai. Ka liƙa su goma-goma a kan sanda, ka fesa musu fentin shimfiɗa, ka bi dukkan riguna da launi ɗaya, ka dawo wanduna, ka dawo maɗauri da bindigogi, ka rufe da fenti mai ruwa-ruwa wanda yake kwanciya a lunguna ya fito da inuwa. Nakan gama bataliya a dare uku ko huɗu. Abu ɗaya da na koya a makare: ƙaramin soja yana son launi mai haske fiye da na gaskiya. Shuɗin Faransa na ainihi mai duhu ne ƙwarai, in ka bi shi sak, daga nesa sai sahun ya koma baƙi. Kada kuma ka ɗauka ƙanana sun fi wahalar da ido. Abin da ba ka gani daga tsaye, ba sai ka zana shi ba.

Kayan da aka yi su da shi ma ya bambanta. Na 28 yanzu yawanci roba ce mai tauri. Kamfanin Perry Miniatures na tagwayen nan Alan da Michael Perry, da kuma Victrix, suna sayar da kwalaye masu sojoji arba'in zuwa sama, sai ka yanke su daga jikin firam ka haɗa da gam ɗin roba. Ba su da nauyi, amma haɗawar kanta aiki ce, kuma wuƙar kan bindiga tana karyewa. Na 15 galibi ƙarfe ne mai laushi, haɗin kuza, a zube suke zuwa guda, ka kankare layin zubi kawai ka wanke. A nan ka kula: sojojin kamfanin AB Figures, waɗanda Anthony Barton ya sassaƙa, sun kai milimita 18, in ka sa su sahu ɗaya da na kamfanin Essex za a ga tazara. Ka tsaya ga kamfani ɗaya a cikin kowace bataliya. Wurin ajiya kuwa ba gardama, rundunar 15 sukutum tana shiga akwati biyu, ita da gidajenta da itatuwanta.

Akwai hanyar da za ka bi da na 28 ba tare da tebur ya yi maka kaɗan ba, wato ƙananan arangama. Dokokin Sharp Practice na kamfanin TooFatLardies suna gudana da sojoji kamar arba'in zuwa sittin a kowane ɓangare, ana faɗa a kan gada ko ayarin kaya, kowane hafsa da sunansa. Wasa ne mai daɗi ƙwarai, kuma kwali ɗaya ko biyu ya ishe ka. Amma ba shi ne yaƙin birged da birged ba.

Kafin ka sayi komai, tambayi wanda za ka riƙa wasa da shi girman da yake da shi, domin na 15 da na 28 ba sa haɗuwa a tebur ɗaya. In babu kowa, ɓangare biyu za ka yi wa fenti, aikin ya ninka, wannan ma ya ƙara rinjayar da ni zuwa ga ƙanana.

Da teburinka da lokacinka, ni na 15 zan ce ka ɗauka. Ka sayi bataliya biyu na Faransa da igwa ɗaya, kada ka ƙara ko soja guda sai sun hau katakonsu da tutarsu. In abokan gaba kake nema masu saurin gamawa, sojojin Ostiriya fararen kaya suke sawa, shimfiɗar fari da inuwa ɗaya sun yi maka rabin aikin. Kwalin 28 guda ɗaya kuma ka ajiye shi gefe, don daren da hannunka yake son ya zauna a kan fuska ɗaya.