Kalmar "bank" a Turanci: ta kuɗi da ta kogi

Malam, ka rubuto mana daga wajen Auyo cewa ɗanka ya karanta maka gargaɗin ambaliya da aka rubuta da Turanci, inda aka ce mutanen da ke zaune a "river banks" su tashi, shi kuma ya ce maka da masu ajiya a banki ake, har hankalinka ya koma kan kuɗin shinkafarka ta bara. Kada ka ga laifin yaron. Kalmar "bank" tana da manyan ma'anoni biyu a Turanci, amma Hausa ɗaya kawai ta ara, ta mayar da ita "banki", shi ya sa duk inda kunnen Bahaushe ya ji ta, kuɗi yake fara tunawa.

Ma'ana ta farko ita ce wadda muka sani, wato gidan ajiyar kuɗi da bayar da rance. Wannan ta shiga Turanci ne daga Italiyanci ta hanyar Faransanci, kuma asalinta "banca", wato benci ko teburin da masu canji suke baza kuɗi a kai a kasuwannin birane irin su Fulorens da Benis. Wanda ya taɓa ganin 'yan canji a Wapa cikin Kano ya san hoton. Har kalmarsu ta karayar arziki, "bankrupt", daga "banca rotta" ta fito, ma'ana karyayyen benci, kuma abin sha'awa ne cewa mu ma idan ɗan kasuwa ya rasa jarinsa cewa muke yi ya karye. A ƙasar nan bankin da yanzu ake kira First Bank ya faro ne a 1894, Babban Bankin Najeriya kuma an kafa shi a 1958, ya fara aiki a 1959.

Ma'ana ta biyu ita ce gaɓa, ko bakin kogi, ko duk wani tudun ƙasa mai tare ruwa, kamar jingar da ake ɗagawa da buhunan yashi idan damina ta yi nisa. Wannan ta riga ta farko shiga Turanci, kuma ta zo ne daga harshen mutanen arewacin Turai na da, waɗanda ke cewa "bakki". Kamar da take yi da "baki" namu dace ne kawai, babu dangantaka, amma tana taimakon mai son ya riƙe ta a ka. Masana harshe sun ce idan aka bi salsala, kalmomin biyu kakansu ɗaya, domin benci da tudu duk abu ne mai ɗan bisa da ake iya zama a kai. Hanya ce ta raba su.

To, yaya mai karatu zai bambance su? Abin da ya fi saurin tona asirin kalmar shi ne ƙaramar kalmar da ke gabanta. Idan aka ce "in the bank" ko "at the bank", kusan kullum banki ake nufi, domin gini ne da ake shiga. Idan kuwa aka ce "on the bank" ko "along the banks", gaɓa ce, domin a kanta ake tsayawa, kuma sau da yawa tana zuwa a jam'i tun da kowane kogi gaɓa biyu gare shi. Saboda haka idan jarida ta ce Kogin Haɗeja "burst its banks", ba wani banki ba ne ya rushe, ruwa ne ya haura gaɓa ya shiga gonaki, kamar yadda mutanen Ringim da Auyo da Kafin Hausa suka gani a 2022. Akwai kuma "left bank" da "right bank", waɗanda ake ganewa ta hanyar fuskantar inda ruwa ya nufa. Kogin Haɗeja gabas yake gangarawa zuwa Yobe, don haka garin Haɗeja da ke arewa da shi yana gaɓar hagu ke nan.

Masu fassara labarai a rediyo sun daɗe da warware mana wannan ba tare da mun lura ba. "World Bank" sun kira shi Bankin Duniya, amma "West Bank" ta Falasɗinu sun kira ta Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Da sun yi irin fassarar ɗanka, da yau muna jin cewa an yi artabu a Bankin Yamma.

Sai wani reshe da ya tsiro daga ma'anar farko, inda ake kiran duk wata ma'ajiya da wannan suna ko da babu ko kwabo a ciki. "Blood bank" wurin adana jini ne a asibiti, "power bank" kuma shi ne ɗan abin nan da samari ke kaiwa wurin mai caji ranar kasuwa don ya riƙe musu waya idan babu wuta. Wanda ya fi shafar manomi shi ne "seed bank", ma'ajiyar iri, irin wadda cibiyar binciken aikin gona ta IITA take da ita a Ibadan mai ɗauke da dubban nau'o'in wake. A ganina "rumbu" ya fi "banki" dacewa da wannan, domin manomi ya san rumbun iri tun kafin ya san takardar cire kuɗi, kuma ya san cewa abin da aka ware domin shuka ba a taɓa shi ko da yunwa ta matsa.

Game da sanarwar da ta tayar maka da hankali, kuɗinka suna nan inda ka ajiye su. Abin da ake gaya maka shi ne, idan gidanka ko rumbunka yana kusa da gaɓa, ka kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu tun kafin ruwan madatsun Tiga da Challawa ya iso.