Wace na'urar bin diddigi za ka saya idan -O2 ta rikita maka kod?

Kod yana tafiya lafiya lau a -O0, inda kwamfaila (manhajar da ke juya kod zuwa harshen na'ura) ba ta sake masa tsari, kana komawa -O2, inda take sake masa tsari don ya yi sauri, sai allon da cif yake kai ya sandare. Masu aiki da cif ɗin STM32 na kamfanin ST a Abuja sun san wannan ciwon kan, musamman idan an cusa 'yan layukan asambili, wato umarnin da cif ke bi kai tsaye, cikin kod ɗin harshen C. Kafin ka nufi kasuwar Banex ko ka yi odar na'ura mai tsada daga waje, ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo.

Galibi matsalar tana cikin asambilin. Ka taɓa rijista r1, ƙaramin ma'aji a cikin cif, ba ka sanar da kwamfailar GCC ba, shi kuwa ya ajiye wata ƙima a ciki da tunanin babu mai taɓawa. Ko ka manta volatile, kalmar da ke hana shi cire layin, ya ga ba a amfani da sakamakon, ya share layin. Ko babu "memory", alamar cewa layin na taɓa ma'ajiya, ya sauya jerin karatu da rubutu. Umarnin objdump -d da shafin Compiler Explorer na Matt Godbolt za su nuna maka wannan ƙuru-ƙuru. Gwada -Og ma, matakin da aka yi don sauƙaƙa bin diddigi, tun GCC 4.8 yake nan.

Idan sai ka ga rijistoci suna canzawa a kan allon, to nan ne kuɗi zai fita.

ST-Link V2 ɗan kwaikwayo, mai kama da filas, shi ne mafi araha, kuma ya ishe ka bin umarni ɗaya bayan ɗaya da umarnin stepi a GDB, manhajar bin diddigi. Sai dai an yi shi ne don cif ɗin ST, kuma yawancinsu ba su fitar da ƙafar SWO ba, wadda cif ke aiko saƙonni ta cikinta yayin da yake aiki.

Ni na fi karkata ga Raspberry Pi Debug Probe, wanda ya fito a 2023 kan dala 12. Yana aiki da OpenOCD, manhajar da ke haɗa GDB da na'urar, yana hawa cif ɗin Cortex-M na kamfanoni daban-daban, ga UART (hanyar musayar saƙo tsakanin cif da kwamfuta) a jikinsa, ka ga ka huta da sayen wata wayar. A kula, 3.3V kawai yake ɗauka. Mai ƙaramin allon Raspberry Pi Pico a ajiye ma zai iya loda masa manhajar debugprobe ya mayar da shi haka.

J-Link na SEGGER ya fi su sauri. Cif ɗin Cortex-M3 wuraren tsayawa (inda ake dakatar da kod don a duba) 6 yake bayarwa, J-Link kuwa yana ƙara wasu a cikin ma'ajiyar filas ta cif ɗin, wanda ke da amfani sosai idan kwamfaila ta warwatsa aiki guda zuwa wurare da yawa. Amma lasisin EDU Mini, ƙaramin samfurin J-Link, na karatu ne zalla. In kayan sayarwa kake ƙerawa, cikakken J-Link za ka nema, kuma farashinsa ya ninka na Debug Probe sau da dama.