Gargaɗi Ga Matasan Gombe Kan Masu Karɓar Kuɗi Da Sunan Aikin Sa Kai A Ƙasashen Waje

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya sami ɗan yayana a nan Gombe, kuma na tabbata ba shi kaɗai aka yi wa ba. Yaron ya kammala bautar ƙasa yana zaman jiran aiki, sai aka jefa shi cikin wani zaure na WhatsApp inda ake tallar wata ƙungiya da ta ce tana tura matasa ƙauyukan Gambiya da Gana domin koya wa manoma noman rani da kiwon kaji, tare da alkawarin masauki da abinci da alawus a dalar Amurka kowane wata.

Da farko kuɗin fom kawai aka nema, kuma kaɗan ne, yadda mutum ba zai ji ciwon fitar da shi ba. Bayan kwana biyu aka aiko masa da takardar ɗauka mai hatimi da tambari, aka taya shi murna, sannan aka ce ya biya kuɗin gwajin lafiya, daga nan kuɗin inshora, daga nan kuma kuɗin biza, kowanne da wa'adin kwana ɗaya, ana tsorata shi cewa wasu na jiran gurbinsa. Duk kuɗin nan asusun wani mutum yake shiga, ba asusun da ke ɗauke da sunan ƙungiyar ba. Ya sayar da babur ɗinsa ba tare da ya shawarci kowa ba, sai da aka nemi kuɗin jirgi ya zo wurina yana cewa, "Bappa, ka ranta mini, da na fara karɓar alawus zan biya ka."

Maganar biza ce ta fara tona musu asiri a wurina. Gambiya da Gana duka mambobin ECOWAS ne, kuma tun yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ɗan Najeriya mai ingantacciyar takardar tafiya yana shiga waɗannan ƙasashe ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Wanda ya karɓi kuɗin bizar Gambiya daga hannun ɗan Gombe ya karɓi kuɗin abin da babu shi. Da muka nemi lambar rajistarsu ta CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da adireshin ofishinsu domin mu je da ƙafarmu, sai aka cire yaron daga zauren, lambar wayar ma ta daina shiga.

Abin da ke ba wannan damfara ƙarfi shi ne aikin sa kai na gaskiya yana nan, macutan suna fakewa da sunansa ne. Najeriya tana da shirin Technical Aid Corps da aka kafa a 1987 zamanin mulkin Babangida, wanda ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi ƙasashen Afirka da yankin Karibiyan da Pasifik na tsawon shekara biyu, kuma gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da nata shirin, UNV, wanda aka kafa a 1970, hedikwatarsa na birnin Bonn a Jamus. Ana neman gurbi ne kai tsaye a shafinta na intanet, ba ta karɓar ko kwabo a kowane mataki, ita ce ma ke biyan ɗan sa kai kuɗin zama. Dukansu biyu suna duba takardun karatu da ƙwarewar aiki, ba sa ɗaukar mutum cikin kwana biyu don ya cika fom a waya.

Abin da ya fi asarar babur ɗaga mini hankali shi ne yaron ya riga ya tura musu hoton fasfonsa da lambarsa ta NIN, kuma ana iya amfani da su a cuci wani da sunansa. Wanda ya riga ya biya, ya adana shaidar tura kuɗin da dukan saƙonnin da aka aiko masa, ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya kai ƙorafi ofishin EFCC da ke nan Gombe. Idan kuwa an kai ga ce wa yarinya ko yaro ya miƙa fasfonsa hannun wakili, ko ya same su a wani gari domin a wuce da shi ta mota, to lamarin ya wuce damfarar kuɗi ya shiga safarar mutane, kuma NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da safarar mutane, ya kamata a kai wa rahoto kafin ya bar gida.