KoboToolbox a hannun ɗalibin da zai yi aikin ba da shawara a ƙasar waje

Ɗalibin da ya tashi daga Kaduna zuwa Accra, Kigali ko Dakar don yi wa wani kamfani ko wata ƙungiya bincike na makonni shida ko takwas, rabin aikinsa tambayar mutane ne: masu shaguna, manoma, masu sayen kaya. Da safe fita, da yamma lissafi, ƙarshen mako kuma mai aikin yana jiran rahoto. Manhajar da ta fi dacewa da wannan zirga-zirgar ita ce KoboToolbox, kuma dalilin guda ne: tana aiki ko babu sabis. Google Forms kuwa da zarar intanet ya ɗauke, shi ke nan, sai a koma biro da takarda.

Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka ƙirƙiro ta a 2005, ta daɗe a ƙarƙashin cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard, yanzu kuma ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta neman riba. Tana da ɓangare biyu: shafin intanet inda ake tsara tambayoyi a kwamfuta, da KoboCollect da ake saukewa a wayar Android. Tsarin kyauta yana karɓar amsoshi 5,000 a wata da ma'ajiya ta gigabait 1. Aikin ɗalibi da wuya ya wuce mutum 400, don haka maganar biyan kuɗi ba ta taso ba.

Tun wajen buɗe asusu ake fara kuskure. Saba, wato babbar kwamfutar da ake ajiye bayanan a kanta, biyu ce, ta duniya da ta Tarayyar Turai, kuma asusun ɗaya ba ya buɗe ɗaya. Idan mai aikin kamfanin Turai ne, a tambaye shi tun farko, domin dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018 tana sa da yawansu su nace a ajiye bayanai a Turai. Wanda ya buɗe a wannan ya sa adireshin waccan a waya, zai yini ana ce masa kalmar sirri ba daidai ba, alhali daidai take.

Ana iya tsara tambayoyi da danne-danne a shafin, kuma ga fom mai tambaya ashirin hakan ya wadatar. Amma in sun kai sittin, ko kuma za a yi su da harshe biyu, gara a rubuta a Excel bisa tsarin XLSForm, mai shafuka uku: survey (tambayoyi), choices (zaɓin amsoshi) da settings (saitin fom). A nan ne Kobo ta ciri tuta. Tambaya ɗaya za ta fito da Faransanci ga mai tambaya ɗan Senegal, ta fito da Ingilishi ko Hausa gare ka, amsoshin kuma su taru wuri guda. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna fita lafiya lau a rubutun tambaya. Sai dai kada a sa su a gajeren sunan da ake ba kowace tambaya, kada kuma a bar tazara a ciki. A rubuta kudin_haya, ba kuɗin haya ba.

Lambar waya ma tarko ce. Idan aka ba ta nau'in lamba zalla, sifilin farko zai ɓace, kuma gurbin ba ya ɗaukar fiye da lambobi 9. A ba ta nau'in rubutu. Hoto kuma a rage shi zuwa fiksel 1,024, in ba haka ba hotunan shaguna ɗari uku za su cinye ma'ajiyar da datar otal gaba ɗaya.

Babban aibinta, ko kuma a ce inda ba ta yafiya, shi ne gyaran fom bayan an fara aiki. Mai aikin zai kira ranar Laraba ya ce a ƙara tambaya, wannan kam ba makawa. Ƙari ba matsala ba ne, muddin an sake ƙaddamar da fom ɗin, kowace waya kuma ta sauke sabon. Wayar da ba ta sauke ba za ta ci gaba da tsohon ba tare da mai ita ya lura ba. Abin da ke ɓata aiki shi ne sauya gajeren sunan tambaya ko na zaɓi: amsoshin kafin gyara su zauna a layi ɗaya, na bayan gyara a wani, sai ka kwana kana haɗa su da hannu ana gobe za ka gabatar. Maganinsa yana nan gida. Kafin tashi, a ɗauki fom ɗin a gwada shi kan 'yan kasuwa goma sha biyar a Kasuwar Barci ko tashar Kawo, waya a yanayin jirgi. Ɗan kasuwar da ke da ciniki a gabansa ba zai ba ka minti arba'in ba, nan take za ka gane tambayoyin da ya kamata a yanke.

Masu iPhone ba su da KoboCollect, sai dai su cika ta burauza. Yana yi, amma amsoshin da ba a tura ba suna zaune ne a ma'ajiyar burauzar, duk wanda ya goge ta ya goge aikinsa. Haka ma cire KoboCollect daga waya kafin a tura. Shi ya sa Android ta hannu, ko da mai araha ce, ta fi kwanciyar hankali. Kowace yamma a duba akwatin waɗanda ba a kammala ba, a duba na masu jiran turawa, kada a kwanta sai duka biyun sun koma sifili.

Akwai wani abu da shugabannin tawaga ke so: manhajar tana rubuta lokacin da aka fara da lokacin da aka gama kowace hira, tare da wurin da aka tsaya idan an sa ɗaukar wuri a fom ɗin. Hirar minti ashirin da aka gama cikin minti uku, sau takwas a jere a wuri ɗaya, ka san a gindin bishiya aka cika ta. Ɗaukar wurin yana son fili; a cikin rumfar kwano sai ya daɗe yana lalube, ya kuma sha batir.

Batun batir, fawa banki mai 20,000mAh ya isa yini, kuma yana ƙasa da iyakar da jiragen sama ke yarda da ita, amma a jakar hannu ake sa shi. Cajarmu mai ƙafa uku tana shiga soket a Ghana da Kenya, a Senegal kuwa sai da adafta mai ƙafa biyu zagayayyu.

Jadawalin da Kobo ke zanawa da kanta na leƙawa ne kawai, bai kai a nuna wa mai aiki ba. A sauke bayanan a fayil nau'in XLS, wato na Excel, maimakon nau'in CSV, don kada Excel ya hargitsa haruffa, sannan a yi lissafin a can.